Rasuwar Alheri, Jirgin Ruwan Gubaira

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, da kuma miƙa wuya ga hukuncin da babu mai tsallake shi, ni Zayyanu ɗan Basiru, mutumin Yauri, mazaunin unguwar Gubaira a birnin Riyad, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, na Najeriya da na Nijar, rasuwar jirgin ruwanmu mai inji, wanda kowa ya sani da suna Alheri. Ya cika ne a tekun gabas, a gaban iyalina, bayan doguwar jinya. Makanikensa, Maulud na Maraɗi, shi ya tabbatar da rasuwar a garejinsa bayan mun dawo da shi gida.

Na san akwai waɗanda za su karanta wannan su ce tsufa ya fara taɓa Zayyanu. Su kwantar da hankalinsu. Na san marigayi roba ne da ƙarfe, ba za a yi masa salla ba, kuma ban roƙi kowa ya yi ba. Amma ya ɗauki mutane da yawa a bayansa, bai kamata ya fice daga unguwa kamar bola ba a faɗi ko wane ne shi ba.

Asalinsa ba nawa ba ne. Na Abu Fahad ne, kafilina, wato ubangidan da nake zaune a ƙasar nan da sunansa, dattijon da nake tsare wa shagon turaren wuta a kasuwar Dira. Ya saye shi ya ajiye a farfajiyar gidansa a unguwar Badi'a, a nan Riyad, garin da teku mafi kusa sai mota ta yi rabin yini tana jan tirela kafin a ji warin gishiri. 'Ya'yansa sun bi shi sau ɗaya, jiri ya kwashe su, suka rantse ba za su ƙara ba. Wata rana babu ciniki, muna zaune shiru, ya dube ni ya ce, "Ya Zayyanu, a ƙasarku akwai ruwa?"

Na ce, "Allah ya ja da ranka, a cikin kwalekwale naƙudata ta kama mahaifiyata."

Ya yi dariya har da tari. Hutun makon nan muka kama hanyar Dammam da jirgi a bayanmu, kuma daga ranar ni ne matuƙinsa. Tsoho ba mai surutu ba ne. Ya jefa ƙugiya ya zauna, ni ma in zauna, sai hantsi ya wuce. Da rashin lafiya ya kwantar da shi, ya gaya wa babban ɗansa Fahad cewa idan ta Allah ta kasance a ba ni jirgin. Fahad ya cika alkawari. Ya bar takardar jirgin da sunansa don kada masu tsaron gaɓa su wahalar da ni, ya haɗa mini da tsohuwar motar da ke jan tirelar. Haka marigayi ya taso daga gida mai lambu a Badi'a ya koma gefen garejin Maulud a Gubaira, tsakanin tsofaffin tayoyi da bangon masallaci, kuma ban taɓa ganin ya nuna ya raina sabon mazauninsa ba.

Matata Safiyatu ita ta raɗa masa suna. Ta ce abin da tsoho ya yi mana alheri ne, to a kira shi haka. 'Yarmu Bilƙisu, wadda a lokacin take firamare, ita ta rubuta sunan a goshinsa da shuɗin fenti da harufan Larabci, domin su kaɗai ta iya.

Marigayi ya kasance mai murya. Da safe idan aka sauke shi a ruwa aka ja igiya, sai ya yi tari sau biyu, ƙuh, ƙuh, kamar liman yana gyara murya, sannan ya kama gurnani, gur gur gur gur, a hankali, yana fitar da shuɗin hayaƙi. Idan aka fita daga bakin gaɓa aka sakar masa wuta, sai ya ɗaga hanci sama ya saki wani dogon kuka, wuuuu, wanda ke hana mutum jin maganar na kusa da shi, kuma ke hana shi jin maganar da ke cikin kansa. Maza da yawa sun gaya mini cewa wannan na biyun suke zuwa nema.

Ya kasance mai karɓar baƙi. Bai taɓa tambayar kowa iƙama, takardar izinin zama, ba, bai tambayi ko wane ne kafilin mutum ba. Ya ɗauki birkiloli da direbobi da masu wankin mota. Ya ɗauki mutanen Maraɗi da Damagaram da suka shekara goma suna ɗora bene kan bene a Riyad ba su taɓa ganin ruwan da ya fi na tanki yawa ba. Na tuna wani Issoufou, ƙato mai ɗaukar buhun siminti biyu a kafaɗa ɗaya, wanda ya rungume kujera yana salati tun daga gaɓa har muka tsaya. Da ya buɗe ido ya ga babu ƙasa ko ta ina, sai ya roƙe ni in ɗauke shi hoto ya aika wa mahaifiyarsa. Mutumin da ake kira "ya walad", wato "kai yaro", duk mako, a kan Alheri shi ake miƙa wa shayi.

A kansa ne kuma 'yata ta koyi Hausa. A Riyad aka haife ta, Larabci ya riga harshenmu shiga bakinta. A gida in yi mata Hausa ta amsa da Larabci, har na gaji na bari. Amma a ruwa ban san sunan komai da Larabci ba in ban da kifi, don haka dole ta bi ni: igiya, ƙugiya, koma, igiyar ruwa, ja, saki, riƙe da kyau. Kifin da Larabawa ke kira hamur ita ta sa masa tarwaɗar teku, sunan ya bi shi har a bakin abokaina. Safiyatu ba ta son ruwa. Takan zauna a gaɓa da risho da kwanon suya da yajin da ake aiko mata daga gida, tana jiran mu.

Ba zan ɓoye aibinsa ba, tunda ranar faɗin gaskiya ce. Marigayi yana da ci. Injinsa irin na da ne, wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, kuma yakan shanye tanki kafin azahar ya nemi ƙari. Motar da ke jan sa ita ma ba ta san ƙoshi ba. Amma a waɗancan shekarun ba wanda ya ɗauki wannan a matsayin aibi. Fetur ya fi ruwan gora araha. Mukan tsaya a gidan mai in ce wa yaron famfo "ful", ya cika mota, ya cika tankuna, ya cika jarkoki, in biya ban ko dubi allo ba.

Ciwon ya fara ne a ƙarshen shekarar 2015, lokacin da aka ƙara kuɗin mai karo na farko. Bai kwantar da shi ba, amma ya rage masa fita. Abokai suka fara haɗa hannu kafin mu tashi, wanda yake da shi ya sa, wanda ba shi da shi ya zo haka nan. Sai ayyukan gini suka fara tsayawa. Wasu kamfanoni suka riƙe albashi wata da watanni, mazajen da ke cika mana jirgi suka fara tafiya ɗaya bayan ɗaya, fitar da ba dawowa. Issoufou ya tafi. Waɗanda suka rage ba su da ran zuwa teku. Bayan haka aka ɗora wa kowane baƙo haraji a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamarsa, mata da 'ya'ya, kuma aka ce zai riƙa hawa duk shekara. A daren da shekarar 2018 ta shigo aka sake ƙara kuɗin fetur, na koren famfo da na jan famfo duka, na jan ma ya ninka har da ɗori. Daga nan marigayi ya kwanta.

Na rufe shi da tamfol. Ranar Riyad ta cinye tamfol ɗin. Na sa wani, iska mai ƙura ta yage shi. Shuɗin fentin ya koɗe, kujerun suka tsage, wata kyanwa ta haihu a ƙarƙashin sitiyari. Kullum idan zan tafi Dira sai na wuce ta gabansa, in ɗora hannu a jikinsa in ji zafi kamar na mai zazzaɓi. Maulud yakan ce mini, "Malam Zayyanu, injin ga ba ya son zama. Ko dai ka kai shi ruwa, ko ka saida shi tun yana numfashi." Na sa alamar sayarwa. Waɗanda suka kira, tambayarsu ɗaya ce, nawa yake sha, kuma da sun ji amsa sai su yi sallama.

A cikin wannan hali muka yanke shawara ni da Safiyatu cewa ita da Bilƙisu za su koma Yauri da zarar yarinyar ta gama jarrabawar sakandare. Albashin mai tsaron shago ba zai ɗauki harajin mutum biyu da haya da abinci ba. Bilƙisu ba ta yi gardama ba, ba ta yi kuka a gabanmu ba. Sau biyu kacal ta taɓa zuwa Najeriya, tana ƙarama. Abu ɗaya ta roƙa. Ta same ni ina cire takalmi ta ce, da Hausarta mai ɗan karkata, "Baba, ka kai ni teku kafin mu tafi. Sau ɗaya bas."

Maulud ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kuma ina so kowa ya shaida haka. Ya wanke kafireto, ya canza fulogi, ya zubar da tsohon man da ya yi kauri, ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da bai iya gani ba shi ne gishirin da ya daskare a hanyoyin ruwa na cikin inji tsawon zaman nan.

Da muka isa gaɓa na ga abin da ban saba gani ba. Jiragen inji da a da ke layi wajen sauka ruwa suna jere a kan tireloli, da yawa da alamar sayarwa irin tawa. A cikin ruwa kuwa farare ne ke yawo, jiragen shira'i, masu dogon sanda da ƙyalle, waɗanda iska ke turawa. A da 'yan kaɗan ne, kuma marigayi bai taɓa ɗaukar su a bakin komai ba. Yakan wuce su ya bar su suna rawa a kan kumfarsa. Ran nan sun fi mu yawa.

Safiyatu ta ajiye rishonta a mota ta ce yau za ta shiga. Na dube ta. Ta ce, "Baban Bilƙisu, in ban shiga yau ba yaushe zan shiga?" Na ɗaura mata rigar ruwa da hannuna.

Ya yi tarinsa biyu. Ya yi gurnani. Ya ɗaga hanci ya yi kukansa kamar bai taɓa kwanciya ba, Bilƙisu tana tsaye a gaba ta riƙe ƙarfe, mayafinta yana kaɗawa. Ya kai mu har wurin da Abu Fahad ke son jefa ƙugiya. Muka kama kifi kaɗan, muka sha shayi, Safiyatu ta saki gefen jirgi har ta taɓa ruwa da yatsa. A hanyar dawowa ne na waiga na ga siririn ruwan da inji ke fitarwa ta baya ya ɗauke. Kafin in kai hannu in kashe shi, warin ƙuna ya tashi. Muryarsa ta sauya, ta zama ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana dukan ƙarfe a cikin tukunya. Sai ya yi wani dogon nishi, ya yi shiru. Na ja igiya, ta ƙi motsi. Na sa ƙafa na ja da dukan ƙarfina, ta tsaya cak.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Iskar arewa ta fara tashi. Gaɓa tana can kamar zare, kuma tana ƙara nisa. Na jefa anka, igiyar ba ta kai ƙasa ba. Waya tana kamawa tana saki. Ruwa ya fara dukan mu ta gefe yana fantsamowa ciki, Bilƙisu tana kwarfewa da kwanon shayi. Safiyatu ba ta iya iyo ba. Ta zauna a ƙasan jirgi ta riƙe ƙafata, bakinta yana motsi da addu'a. Ni ɗan masunta ne, na san abin da ruwa ke yi da jirgin da ba ya iya fuskantar igiyar ruwa, kuma na ji tsoron da ban taɓa ji ba a kogin garinmu.

Bilƙisu ce ta cire farin mayafin da ke kafaɗarta ta ɗaura a sandar ƙugiya ta riƙa kaɗawa. Can sai ɗaya daga cikin fararen jiragen ya juya. Bai zo kai tsaye ba. Ya yi dama, ya yi hagu, ya sake yin dama, har na ɗauka bai gan mu ba. Da ya matso sai ga dattijo shi kaɗai, mai furfura, mutumin Ƙaɗif da ke gaɓar tekun nan. Ya yi sallama, ya jefo igiya, ya ce mata su koma nasa jirgin don ya fi zama daram, ni in tsaya a nawa in riƙe sitiyari.

Yana ɗaure igiya ya dubi injin ya girgiza kai. Ya ce, "Ni ma ina da irinsa, ya akhi. Da sanyin nan na rabu da shi. Na koma abin da kakana ya sani." Ya nuna ƙyallen da haɓa. "Wannan ba ya tsayawa a gidan mai."

Haka aka jawo marigayi, a ƙarshen igiya, a bayan jirgin da ba shi da inji. Tafiyar da yakan yi kafin shayi ya huce, sai da rana ta yi ja kafin muka gama ta. Babu gurnani, babu hayaƙi. Ban ji komai ba sai ruwa yana lasar jikinsa da ƙarar igiya idan ta miƙe. Daga inda nake ina hango su. Dattijon ya ba Bilƙisu sandar juya jirgi, yana nuna mata yadda ake duban ƙyalle a gane iska. Suna magana da Larabci, irin nata, mai gudu, wanda ba ta tuntuɓe a cikinsa. Iska ta kawo mini dariyarta. Na yi farin ciki da na ji ta, kuma na zauna ni kaɗai a cikin gawa ina riƙe da sitiyarin da ba ya juya komai.

A gaɓa na nemi in ba shi wani abu, ya ɗaga hannu ya ce in ji tsoron Allah, shi bai ƙona ko ɗigo ba. Ban tambayi sunansa ba. Idan wannan sanarwa ta isa ga wanda ya san shi, a gaya masa iyalan Zayyanu suna yi masa addu'a.

Da muka dawo Riyad Maulud ya buɗe injin. Bai daɗe yana dubawa ba. Ya goge hannu da tsumma ya ce, "Fistin ya narke ya kama bango. Sai haƙuri, Malam. Ko an gyara shi, mi za ka ba shi ya sha?"

Ana sauran kwanaki kaɗan azumi na kai Safiyatu da Bilƙisu filin jirgi. Sun isa Yauri lafiya. Safiyatu ta ce 'yan'uwa sun karɓe su hannu biyu. Ta ce kuma yara suna kwaikwayon Hausar Bilƙisu idan ta fita, don haka ta rage fita. Ƙanena ya ce zai kai ta kogi da kwalekwalensa, ta ce sai wani lokaci. Idan na kira ta tana cewa lafiya lau, Baba, da Larabci.

Marigayi ya rasu ya bar tirela mai taya ɗaya lafiyayya, tankuna biyu babu komai a ciki, anka da gajeriyar igiyarta, rigunan ruwa da rana ta ci, da kyanwa da 'ya'yanta waɗanda har yanzu ba a sanar da su ba. Ya bar tsohuwar motar da ta ja shi shekara da shekaru, ita ma tana kwance, likita bai ba da fata ba. Ya bar abokai a Maraɗi da Damagaram da Kano da Birnin Kebbi, waɗanda hotonsa ke cikin wayoyinsu. Ya bar Maulud. Ya bar ni.

Ga yadda aka tsara rakiyarsa. Ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, sun manna takarda a jikinsa cewa a ɗauke shi daga bakin titi, don haka ba za a jinkirta ba. Ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar za a taru a garejin Maulud, bayan masallaci. Za a sauke injin a kai shi wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa a kudancin gari, su ciri abin da zai yi wa wani amfani. Gangar jikin babu mai saye. Wani makiyayi da ke kiwon tumaki a hanyar Kharj ya ce a kawo masa, zai kafa ta a cikin rairayi ya riƙa zuba wa dabbobinsa ruwan sha. Na amince. Babu kuren ɗaga kaya, saboda haka ana roƙon maza masu ƙarfi su zo da hannuwansu. Waɗanda za su raka shi har can su haɗu a mota ɗaya, kada kowa ya ƙona mansa saboda mu.

Ba a buƙatar abinci, ba a buƙatar gudummawa. Za a karɓi gaisuwa bayan magariba. Masu zuwa su lura cewa na tashi daga gidan da suka sani, na koma ɗaki ɗaya a benen gwauraye da ke bayan shagon gyaran firji, hawa na biyu, ƙofa ta ƙarshe. Wanda ya zo ya ƙwanƙwasa da ƙarfi, ya ɗan jira. Babu mai buɗewa sai ni.